Na Gyara wa Kawuna Rubutun Ma'aunin Wuta a Gaban Yara, Ya Daina Fita Aiki da Ni

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a cikin garin Sakkwato. Na gama difloma a fannin lantarki, ina aiki a shagon kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ya ɗauki nauyin karatuna tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ya fi shekara 30 yana aikin wayarin, yanzu kuma sola ce mafi yawan aikinmu. Kwanakin baya mun kai takardar ƙiyasin aiki wani asibiti mai zaman kansa. Injiniyan da suka ɗauko don duba takardu ya zagaye wurare da dama a tamu da jan biro: 10KVA, 200AH, baturi 15KW, 30MA, da waya 2.5mm. Aikin wani aka ba. Da muka dawo shago raina a ɓace, sai na ce a gaban yaranmu masu koyon aiki wannan rubutun ne ya ja mana, kuma na sha faɗa cewa baturi ba KW ake rubuta masa ba, kW/h ne. Kawu ya dube ni ya ce, "Shi ƙaramin k ɗin shi ka kunna fanka?" Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya daina fita aiki da ni. Ga kuma wata Hajiya da muka yi wa aiki, an rubuta mata "5KW" a takarda, tana ta kira wai an ce mata abin da muka haɗa mata zai riƙe na'urar sanyaya ɗaki har asuba, amma tana kunnawa ƙarfe goma, ƙarfe biyun dare ya mutu. Mahaifiyata ta ce in je in ba shi haƙuri in kama bakina. Wani abokina kuma yana kira na in koma Abuja mu yi aiki tare. Ni dai na san ina da gaskiya. In yi shiru ina ganin kuskure, ko in tafi?

Wani matashi daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya saka wa Kawu da alheri a kan riƙon da ya yi muku. Abu biyu ne suka haɗe maka a lokaci guda, zafin aikin da ya kuɓuce da kuma nauyin mutumin da ya tsaya maka a matsayin uba, shi ya sa kake ganin kamar hanya biyu kawai ta rage. Ni ban ga shiru ya kama ka ba, ban kuma ga tafiya ta kama ka yanzu ba.

Bari mu fara da rubutun, tunda a kansa aka saɓa. Injiniyan nan bai ƙirƙiri doka daga kansa ba. Alamomin ma'auni suna da tsarin da duniya ta amince da shi, wanda ake kira SI, an tabbatar da shi a babban taron ma'aunai na duniya a 1960, kuma ofishin da ke kula da shi yana garin Sèvres kusa da birnin Faris tun bayan yarjejeniyar mita, ma'aunin tsawo, ta 1875. Ƙa'idar farko mai sauƙin riƙewa ce: duk ma'aunin da aka raɗa wa sunan mutum, alamarsa da babban baƙi take farawa. Bolt V ne saboda Alessandro Volta, ɗan Italiya da ya haɗa baturi na farko a 1800. Amfiya A ce saboda André-Marie Ampère na Faransa. Wat W ne saboda James Watt na Sikotland. Hz kuma saboda Heinrich Hertz na Jamus, H babba z ƙarama. Na juriyar waya, wanda aka raɗa wa sunan Georg Ohm, da harafin Girkanci Ω ake rubuta shi. Waɗanda ba sunan kowa suke ɗauke da shi ba, irin su awa da daƙiƙa da mita, ƙananan baƙaƙe ne: h, s, m. Shi ya sa ƙarfin ajiyar baturi Ah ne, A ta Ampère, h ta awa. H babba ita kaɗai alamar wani ma'auni ce daban, na naɗin waya, mai sunan Joseph Henry.

Sai baƙaƙen da ke zuwa a gaba don nuna yawa ko ƙanƙanta. Kilo, wato dubu, ƙaramin k ne a ko'ina: kW, kV, kVA (wato kilobolt sau amfiya), kamar yadda yake a km da kg. K babba ta kelbin ce, ma'aunin zafi. Mega, wato miliyan, M babba ce, kamar yadda ake rubuta ƙarfin tashar lantarki ta Kainji da MW. Mili kuwa, kashi ɗaya cikin dubu, ƙaramin m ne. Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji da ke gyara takarda: a bar tazara tsakanin lamba da alama, 230 V, 50 Hz, 33 kV, ba a ƙara wa alama s don nuna jam'i, ba a sa mata ɗigo sai idan ita ce ƙarshen jimla, kuma ko da kan takardar gaba ɗaya da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, kW tana nan a kW. Ka kula da wayar hannu da kwamfuta a nan, don su da kansu suke mayar da harafin farko babba, sai ka ga Kw ta fito ba ka sani ba. In kuma da Hausa kake rubutu kana rubuta sunan a cike, ka bi tsarin harshenmu, kilowat 5, bolt 230. Idan alama za ka sa, lamba ce ke gaba, 5 kW.

Zuwa nan duk gaskiyarka ce. Amma akwai abu ɗaya a wasiƙarka da zan so ka gyara kafin ka sake buɗe baki a shago. Ka rubuta kW/h, kuma ka ce haka kake faɗa wa Kawu. Wannan ma ba daidai ba ne. Layin da ka sa a tsakiya rabawa yake nufi, alhali ninkawa ake yi: kilowat sau awa. Kayan da ke jan 2 kW idan suka yi awa 3 a kunne sun sha 6 kWh. Haka ake rubuta shi, kWh, babu layi, kuma shi ne yunit ɗin da kuke saya a mita. Mutane da yawa masu takardar shaida suna yin wannan kuskuren, har a jaridu ana ganinsa, don haka kada ka ji wani iri. Na kawo shi ne don ka ga yadda abin yake da saurin zamewa ko ga wanda ya zauna a aji, ballantana wanda a kan tsani ya koyi aikinsa.

Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne ka daina ɗaukar wuraren nan biyar da aka zagaye a matsayin laifi iri ɗaya, don ba nauyinsu ɗaya ba. 10KVA da 200AH kuskuren rubutu ne, amma babu mai aikin wuta a duk faɗin Najeriya da zai karanta su ya fahimci wani abu daban. Ka shiga Babbar Kasuwa ka dubi kwalayen inbata da batura, za ka ga da yawa daga cikin kamfanonin da suka ƙera su haka suka buga a jiki. Kawu abin da ya gani a kwali shekara da shekaru shi ya kwafa. Da a ce waɗannan biyun ne kaɗai matsalar, da na ce maka ka gyara a hankali idan takarda ta biyo ta hannunka, ba sai an yi magana ba.

30MA da 2.5mm sun fi su nauyi. Birekar nan da ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, 30 mA ake rubuta mata, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. Idan aka sa M babba an ce amfiya miliyan 30, tazarar da ke tsakanin m da M ninki biliyan ɗaya ce. Na san babu wanda zai je nemo irin wannan bireka, amma a takardar asibiti, inda marasa lafiya ke kwance kusa da na'urori, wanda ke dubawa yana so ya tabbata mai aikin ya san abin da lambar take karewa. Ita kuma waya, da faɗin bakin tagullar ake auna ta, 2.5 mm², da ƙaramin 2 a sama. Wayar 2.5 mm² kaurin tagullarta bai kai 2 mm ba, wajen 1.8 mm ne, wadda kaurinta ya kai 2.5 mm kuwa faɗin bakinta ya kusa 5 mm². A baki kowa ya san abin da ake nufi, a takardar kwangila kuma ƙofa ce ta gardama ranar da aka zo duba aiki. Irin wannan ne kafasitar fanka, da ake rubuta mata mF a maimakon µF, alhali ninki dubu ne a tsakani.

Na biyar ɗin, baturi 15KW, shi ne babba, kuma ko da an mayar da K ɗin ƙarama bai gyaru ba, don ma'aunin ne gaba ɗaya ba nasa ba. Kilowat yana faɗin yawan wutar da ake ja a lokaci guda, kWh yana faɗin yawan wadda aka tara ko aka sha. Ka ɗauke shi kamar tankin ruwa da famfonsa: kW ƙarfin zubar famfon ne, kWh ruwan da ke cikin tankin. Inbata ita ke faɗin kayan da za a iya kunnawa tare, baturi shi ke faɗin awa nawa za su yi. Sannan kVA ba ita ce kW ba. Tsakaninsu akwai abin da kuka karanta a makaranta, fawa fakto, wato lambar da ake ninka kVA da ita a sami kW. Inda yake 0.8, kamar yadda ake rubutawa a jikin yawancin manyan janaretocin dizal, 10 kVA tana ba da 8 kW ne. Wasu inbatocin zamani nasu 1 ne, wasu 0.8, sai an karanta jikin kowace.

Yanzu ka dubi maganar Hajiya da wannan idon, don a wurina ita ce zuciyar wasiƙarka, ba aikin asibitin ba. An rubuta mata 5KW. Me ake nufi? Inbatar 5 kVA? Fanel da suka haɗu suka kai 5 kW? Ko baturin litiyam mai 51.2 V da 100 Ah, wanda in ka ninka ya ba ka 5.12 kWh? Daga lokacin da ta ce yana mutuwa, na fi zaton na ƙarshen ne. Na'urar sanyaya ɗaki da ke jan kusan 1 kW, a daren bazara irin na Sakkwato da kwamfaresa ba ta samun hutawa sosai, ga firij ga fanka a kai, ga ɗan abin da inbata ke cinyewa wajen juya wuta, baturin 5 kWh awa huɗu zai yi ko kaɗan fiye. Daga ƙarfe goma zuwa biyu awa huɗu ne. Wato mai yiwuwa kayan lafiyarsu ƙalau, aikin hannun Kawu ma ƙalau, abin da aka faɗa mata ne bai yi daidai da abin da ta saya ba. Matar nan ta ba da kuɗinta a kan fahimtar da ba ita ba ce, kuma wannan haƙƙi ne a wuyanku ku biyu, ko da babu wanda ya yi niyyar cutar ta. Ban zaci Kawu ya yi niyya ba. Mutumin da ya yi shekara 30 yana shiga gidajen mutane a gari ɗaya, da amana ya kai nan.

To ka tsaya a inda yake tsaye ka ji abin da ya ji ranar. Shi ma ya rasa aikin, kuma shi ke da hayar shago da kuɗin yara a kansa, don haka zafinsa bai gaza naka ba. Yana cikin wannan, sai yaron da ya biya wa kuɗin makaranta ya ɗora masa laifin a gaban waɗanda suke kiransa maigida. Abin da ya shiga kunnensa shi ne bokon da ya saya maka da guminsa yau da shi ake auna shi a ce ya gaza. Amsar da ya ba ka ta mutumin da aka taɓa wa girma ce, kuma akwai gaskiya a cikinta da ya kamata ka karɓa. Ya san yadda waya ke yi idan ta ɗauki zafi a cikin silin a watan Afrilu, ya san inda ake kafa fanel iskar farkon damina ba ta ɗauke shi ba, ya san abokin cinikin da zai biya da wanda zai wahalar. Waɗannan babu su a littafin da ka karanta, kuma kana bukatarsu fiye da yadda kake zato.

Ka kuma lura da wani abu. Ka ce rubutun ne ya ja muku, amma injiniyan bai faɗa maka haka ba, jan biro kawai ka gani. Ana rasa aiki saboda farashi, ko garanti, ko irin baturin da aka zaɓa, ko sanayya. Mai yiwuwa rubutun ya taka rawa, don wanda ke zaune da takardu biyar a gabansa ba ya ganin kyawun wayarin ɗinku, takardar ce kaɗai ke tsaya muku. Amma ka yanke hukunci a gaban jama'a a kan abin da ba ka tabbatar ba. Idan da hali, ka je wurin injiniyan da ladabi, ka ce ba ƙorafi ya kawo ka ba, so kake ka san inda takardarku ta gaza don gaba. Yawancinsu suna jin daɗin matashin da ya zo tambaya, kuma za ka iya fitowa da abin da ya fi wanda ka shiga nema.

Maganar Mama kuwa rabinta ka ɗauka yau ɗin nan, kada ka kwana. Ka je ka ba shi haƙuri. Kada ka yi shi a shago, ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ka durƙusa yadda aka saba, ka ce, "Kawu, na yi maka magana a gaban yara yadda bai dace ba, na yi kuskure, ka yafe mini." Ka tsaya a nan. Kada ka biyo shi da "amma", kada ka kawo zancen k ko M a wannan zaman, ko da shi ya tsokano. Ba cewa za ka yi rubutun daidai yake ba, a kan wurin da ka yi maganar da yadda ka yi ta kake neman gafara, kuma a wannan kam ka yi laifi. In ya yi faɗa ka saurara har ya gama. Ɗaya rabin maganar tata, na ka kama bakinka, ka fahimci daga inda ya fito: tana tsoron kada ta rasa ɗan'uwanta ko ɗanta ya rasa madafa. Ka kwantar mata da hankali cewa ba za ka sake ɗaga masa murya ba. Amma ka gaya mata a hankali akwai matar da kuɗinta ke ciki, wannan ba a yi masa shiru. Uwa ce, za ta gane.

Bayan ƙura ta lafa, da maganar Hajiya za ka koma masa, kada ka fara da ta asibiti. Ka je da lissafi a takarda, amma ka shigar da shi a matsayin tambaya: "Kawu, na gwada lissafin gidan Hajiya, ga abin da na samu, ka duba mini ko na yi daidai." Ka nemi izininsa ka je gidan da mitar auna amfiya, ka ga abin da na'urar take ja da gaske, ka karanta jikin baturin, ka rubuta duk abin da ke kan layin da dare. Ka duba ma ko baturin yana cika kafin rana ta faɗi, don wat ɗin da aka rubuta a jikin fanel, wanda ake sa wa Wp, an auna shi ne da hasken 1,000 W a kan kowace murabba'in mita da zafin fanel 25 °C. A garin da iska kanta ke haura 40 °C da bazara, ga ƙurar hunturu, fanel ba ya ba da abin da ke jikinsa cif. Daga nan sai ku je wurinta tare, shi ya yi magana, a faɗa mata gaskiyar abin da kayanta za su iya, a ba ta zaɓi: ko a ƙara baturi ku sassauta mata kuɗin aiki tunda bayanin daga wajenku ya gaza, ko a cire wasu kaya daga layin da dare, ko ta riƙa sanyaya ɗakin na awa biyu zuwa uku fanka ta ƙarasa. Mutum irin Kawu ba zai damu da harafi ba, amma zai damu ƙwarai a ce a unguwa ya faɗi abin da bai cika ba. Ta nan zai ga amfanin bambanta kW da kWh da idonsa, ba tare da ka ce masa ka gani ba.

Sai kuma ka roƙe shi ya bar maka buga takardu, a matsayin ɗauke masa wahala, don da ma aikin yaro ne. Shi ya faɗi kaya da farashi, kai ka buga, ya duba ya sa hannu. Ka tsara takarda guda da za ku riƙa amfani da ita kullum, kowane kaya da layinsa da ma'auninsa: inbata da kVA da kW ɗinta duka biyu, baturi da V da Ah da kuma kWh, fanel da Wp da adadinsu, waya da mm², bireka da A, mai kare mutum da mA. Ka kula da baturan ruwa idan an jera su: guda huɗu masu 12 V da 200 Ah da aka haɗa kai da wutsiya suna ba da 48 V ne da 200 Ah, ba 800 Ah ba, jimillar 9.6 kWh, kuma kusan rabi ake so a riƙa sha in ana son su yi ƙarko. A ƙasan takardar ka ƙara layi biyu da Hausa tsantsa, waɗanda duk mai gida zai karanta ya gane: ga kayan da za a iya kunnawa tare, ga kimanin awannin da za su yi idan babu rana babu wutar gari. Wannan layin zai raba ku da rigima fiye da duk sauran gyaran. Bayan takarda biyu ko uku sun fita da tsabta an amsa su, ba sai ka yi gardamar k da kowa ba.

Yaran shagon ma suna cikin lissafi, don a gabansu aka yi. Ka bari su ga kana gaishe shi da girmamawa kana ɗaukar masa jaka kamar da. In kana son koya musu alamomin, kuma ya kamata su iya, ka nemi izininsa tukuna, ka rubuta su a kwali ɗaya a manna a bango da sunan shagon a sama. Idan ya zama daga maigida abin ya fito, za su koya, shi ma zai riƙa kallonsa ba tare da an ce masa ya kalla ba.

Zai iya yiwuwa ka yi duk wannan ya ƙi sakin takardun. In haka ta faru kada ka matsa. Ka nemi wani abokinsa na sana'a da yake jin maganarsa, ko wani dattijo a dangi, ya shigar da zancen a cikin hira. Kafin nan ka riƙe iyaka ɗaya: KVA da AH ka bar su su wuce, amma duk inda za a gaya wa mai saye awannin da ka san kayan ba za su kai ba, ka ja Kawu gefe ka faɗa masa kafin a karɓi kuɗi, kowane lokaci, cikin ladabi. Wannan ba a sassauta shi don kunya.

Batun Abuja ban ce ka rufe shi ba. Matashi mai difloma da hannun aiki yana da damar ya nemi gabansa, kuma wata rana za ka tsaya da ƙafarka ko a can ko a nan Sakkwato, inda rana ba ta yankewa kuma masu neman sola ƙaruwa suke yi. Amma kada ka tafi a cikin wannan fushin. In ka tafi yanzu, abin da za a riƙa faɗa a dangi shi ne ya yi boko ya raina wanda ya riƙe shi, kuma Mama ce za ta zauna da wannan maganar. Ka tambayi abokin naka abubuwa a fili: aikin na wane ne, albashi ne ko kaso, ina za ka kwana. A lokaci guda ka nemi takardar shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu aikin haɗa wutar lantarki a ƙasar nan, don za ta yi maka amfani ko ka zauna ko ka tafi, kuma za ta ƙara wa takardun shagon Kawu nauyi a wurin masu ba da manyan ayyuka. Idan bayan an shirya, an gyara na Hajiya, ka ga har yanzu zuciyarka na son tafiya, sai ka zauna da shi da Mama ka nemi ya sallame ka da albarkarsa, ka kuma bar masa tsarin takardar da yaro ɗaya da ka koya wa buga ta.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa albarka a sana'ar. Ka rubuto mini abin da mitar ta nuna a gidan Hajiya, da lambobin da ke jikin baturin da inbatar, in akwai inda lissafin ya ƙi fita sai mu duba shi tare.